Inuwa Mai Sauraron Katako

Duk wanda ya taɓa ɗaukar kwanon kankare a Sharaɗa ya san Inuwa. Mutumin Nijar ne, daga wani ƙauye kusa da Matamaye, dogo, ramamme kamar an shanya shi an manta ba a kwashe ba. Ya shigo Kano yana saurayi, daga shi sai tabarma da buta, ya samu aiki a wata masaƙa a Bompai. Shekara goma sha huɗu yana tsaye a tsakiyar injinan da ko uwar mutum ta ƙwala masa kira ba zai ji ba. Da aka rufe masaƙar, aka sallame su da Allah Ya kiyaye hanya. Gida kuwa ba abin komawa, don 'yan'uwa sun rabe gonar gado tun yana nan yana yi wa matan wasu atamfa. Matar da ya aura a Ɗorayi ta rasu ba ta bar masa ko ɗa ɗaya ba. Sai ya faɗa aikin gini.

Bai iya jera bulo ba, bai iya filasta ba. Abin da ya iya shi ne sikafol, gadon nan na sanduna da katako da ake ɗaurawa a jikin bene magina su hau. To a nan fa ba a ja da shi. Kowane katako aka kawo, sai ya ɗora shi a kan bulo biyu, ya kara kunne, ya ƙwanƙwasa da bayan guduma. Mai lafiya ya ce kan-kan, wanda gara ta cinye wa ciki ya ce buf. In ya je Na'ibawa sayen katako, 'yan kasuwa har juya baya suke yi, don zai tsugunna ya ƙwanƙwashe rumfa guda kafin ya ɗauki goma. In kuma ya gama ɗauri, ba mai hawa sai shi. Zai hau can ƙololuwa, ya tsaya a tsakiyar katako, ya yi tsalle sau uku, sannan ya leƙo ya ce, "Bismillah, ku hawo."

Shekara goma sha tara ko ɗan yatsa ba a taɓa karyawa a kan ɗaurinsa ba. Magina sukan ce wa mai gini, in ba ɗaurin Inuwa ba ne ba ma hawa. Wannan sunan shi ne gonarsa, shi ne gidansa a ƙasar da ba tasa ba. Banda shi ba ya da komai, har takardar zama ba ya da ita.

Sai dai masaƙa ba ta gama da shi ba. Kunnen da ta fara ci tun can, a hankali take ƙarasawa. Na hagu ya fara tafiya, na dama ya bi sahu. Ya koyi kallon bakin mutane, ya koyi cewa "haka ne" ga duk abin da aka faɗa. Maza ba su lura ba, su da ko matansu sun yi sabon kitso ba sa gani. Dabora ce ta gane, wata mutuniyar Filato mai sayar wa ma'aikata shinkafa da wake a bakin titi. Sau uku tana kiransa ta baya bai juyo ba, sai da ta jefe shi da murfin kula.

"Baba Inuwa, kunnen nan ya tafi Nijar ya bar ka a nan."

"Da mutane ne ba ya shiri, Maman Nuhu. Shi da itace lafiya lau suke."

"Ƙarya kake yi, da furfurarka. Ka riƙa ba Sule yana saurara maka mana, kai ka buga shi ya ji."

Sule magini ne, sun daɗe suna aiki tare, amma bakinsa kamar rariya. Inuwa ya san ranar da Sule ya ji, ranar Sharaɗa ta ji, kuma wa zai hau bene a kan kunnen kurma? Ya ture kwanon ya ce, "In kin faɗa wa wani, ban yafe ba." Ta ƙara masa wake.

Ana nan sai wani Zakariyya, ɗan Kano da ke zaune a Jidda shekara da shekaru, ya tashi gina sito mai hawa uku a Sharaɗa. Shi yana can, ginin yana nan, tsakaninsu sai waya da ƙaninsa Abdulbaƙi. Kullum cewa yake yi, "Ka sayi mai kyau, ba na son a ce wani ya ji ciwo a ginina." Abdulbaƙi kuwa, da ɗan tumbinsa da baƙin tabarau, sai ya tafi Na'ibawa ya tsaya a gaban sabon katako, ya haska wa yayansa a waya, ya ce, "Yaya, ka gani? Irin wannan." Daga nan ya zarce bayan wani kamfani a Challawa, inda aka jibge tsofaffin katakai da suka sha ruwan damina biyu, ya sa aka loda. Duk busasshen siminti ya lulluɓe su fari fat, ba tsaga ba rami, ido bai isa ya gane komai ba.

Ran Talata da hantsi aka sauke su, guda talatin. Ma'aikata suka kewaye suna jira a yi musu abin da aka saba.

"To ɗan Faransa," in ji Abdulbaƙi, don haka yake tsokanar mutanen Nijar, "a yi mana bokancin mu gani, rana tana yi."

Inuwa ya tsugunna, ya kara kunne, ya buga. Ba kan-kan, ba buf, sai wani gunji can ciki irin na masaƙa. Ya buga na biyu, haka. Ya dafa da tafin hannu ko zai ji rawar itacen, siminti ya tare. Da ya ce a kankare simintin a duba, da an tambaye shi ina kunnen. Da ya ce duk a mayar, da an kira wani. Sai ya yi abin da ya san ana so a gani. Ya ɓata rai, ya ja tsaki, ya ware guda huɗu gefe ya ce waɗannan ba su da rai. Da ka kawai ya zaɓe su. Ma'aikata suka gyaɗa kai, Sule ya ce, "Kun ga aiki!"

Kwana biyu yana ɗauri. Ɗaurin dai ba laifi, ko giwa aka rataya wa sandunan nan za su riƙe. Ran Alhamis da safe ya cire takalmi ya fara hawa. Dabora ta bar ludayi a tukunya ta taso tana ɗaga masa hannu, ya kau da kai. Yana sane da abin da bai ji ba. Amma in akwai mugun katako a ciki, gara shi ya fara taka shi, wannan ko maƙiyinsa ba zai hana shi ba.

Ya yi tsalle na farko. Ya yi na biyu. Na ƙasa duk sun ji katakon ya yi ƙara, suka hau ihu, "Baba sauko! Baba!" Shi kaɗai ne a duk Sharaɗa bai ji ba. Ya yi na uku.

A kan tulin bulo ya faɗo, ta baya. Bai mutu ba, da ma ya mutu. Idonsa biyu, yana kallon garin itace na zubo masa a fuska kamar tsaki, ƙafafun kuwa tun daga ƙugu ba nasa ba ne.

Abdulbaƙi ya kira Jidda. "Yaya, wallahi shi ya zaɓa da kansa, kowa shaida ne, har huɗu ya ƙi." Zakariyya yana ta salati a cikin waya, yana cewa a kai shi asibiti ko nawa ne, yana tambayar daga ina katakon ya fito. Saura kaɗan asirin Challawa ya tonu. Sai Dabora, baiwar Allah, ta kutso tana kuka, ita a dole za ta kare shi.

"Ku ji tsoron Allah! Ruɓaɓɓen katako kuka kawo, kuma za ku ɗora wa mutumin da ko kiran sallah ba ya ji?"

Abdulbaƙi ya cire tabarau, fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir.

"Au! Kurma ne? Yaya, ka ji ko? Kurma ne ya ɓoye mana. Da yanzu mutum goma ya kashe maka."

Ba a sake tambayar katako ba. Sule ma ja da baya ya yi, yana lissafin benayen da ya hau a bara. Kwana uku aka bar Inuwa a asibiti, sannan Abdulbaƙi ya ce mutum ba takarda ba dangi, gara a mayar da shi ga nasa. Da aka rasa abin ɗaukarsa zuwa mota, sai aka kawo daga wurin ginin ɗaya daga cikin katakai huɗun nan da ya ƙi. Ƙarti shida suka ɗaga shi a kai, katakon ko lanƙwasa bai yi ba. Inuwa yana kwance yana shafa shi da hannu har tasha. Da aka shigar da shi mota, Abdulbaƙi ya ce a dawo masa da katakonsa, akwai sauran aiki.

An gama siton, an yi masa fenti ruwan ƙwai. Dabora ta koma sayar da abinci a Bompai, ba ta ƙara bi ta layin ba. A Sharaɗa kuwa har yau ana kiran sunansa. In magina suka ga sikafol ya karkace yana lilo, sai wani ya tofar da yawu ya ce, "Kai, wa zai hau wannan? Ɗaurin Inuwa!"