An Wanke Min Waya a Dapaong

Mun tashi da asuba daga Zangon Sokode, ko liman bai shafa addu'a ba muna cikin mota. Ku da kuke ta tambayar ina na shige, har wata ta ce ko arziki na yi na daina gaisuwa, to ga inda na je. Ba sarin atamfa ya fitar da ni ba wannan karon. Dapaong na nufa wurin Innarmu, kuma tsarabar da na ɗaukar mata ba ta wuce tafin hannu ba. Wayata ce, da muryar ƙanena a ciki.

Ga waɗanda ba su sani ba, Autanmu ɗan zemijan ne, haya yake da babur. Ranar da gari ya hargitse, samari suka cika titi suna neman canji, ya fita bai dawo ba. An tsinci babur ɗinsa a jingine a unguwar Komah. Wasu sun ce ya bi daji ya tsallaka Gana, wasu sun ce an gan shi a bayan motar masu kaki, wasu kuma in na tambaye su sai su sunkuyar da kai. Ban da babur ɗin, abin da ya rage min nasa shi ne saƙonnin murya da yake turo min, don Auta ba ya rubutu, sai surutu. Na ƙarshen da safiyar ranar ya turo shi, ana jin ihun jama'a a bayansa: "Yaya, ki ce wa Inna na karya, kada ta ce ban ci komai ba. Ki ajiye min wace, yanzu nake dawowa." Wace, wato shinkafa da wake, shi ne abincin da ya fi so.

Inna kuwa tun farkon rigimar muka kai ta gidan ƙanwarta a Dapaong, saboda hayaƙin nan mai sa hawaye yana tayar mata da ciwon ƙirji. Tun da ta ji akwai wannan saƙon ta hana kowa sakat. Gidan babu mai babbar waya, rezo kuma, wato layin intanet, yau a katse, gobe a saki. Na taɓa kiranta da wayar maƙwabciya na kara tawa a kai, ta ce ita ƙugin ƙudan zuma kawai take ji, don kunnenta ɗaya ne mai aiki. Ta ce in kawo mata shi ta ji da kanta. To uwa ta ce a kawo, me za ka ce?

Matsalar ita ce wayar tawa ta daɗe tana kukan ta cika. Na goge hotunan atamfa, na goge bidiyon bikin 'yar maƙwabta, na goge wa'azin da ban taɓa saurara ba, Allah ya yafe min. Amma in ka duba ma'ajiyarta, wani dogon layi ne ya cinye fiye da rabi, an rubuta kayan tsarin waya da "sauran abubuwa". Ba ka ganinsu, ba ka san ko mene ne ba, sai ci kamar gara. Haka na taho da ita tana nishi.

Kuɗin mota ya kusa ninkawa, direba ya ce ba shi ya ƙara ba, shingaye ne. Mun fita gari shaguna a kulle, titi duk tabon tayar da aka ƙona. Muna ratsa tsagaggen dutsen nan na Alejo, sai wata mata mai jiki da ta danne min rabin cinya ta fara salati da ƙarfi, wai tun tana yarinya take tsoron ya rufe da ita. Wani dattijo a baya ya ce in dai ita ce, dutsen ne zai ji jiki. Wannan ce dariyar farko, kuma ba ta daɗe ba.

Kafin Bafilo direba ya waiwayo ya ce kowa ya duba wayarsa, ana bincike a gaba. Ku zo ku ga yatsu suna aiki. Kowa ya duƙufa yana goge bidiyo da hotuna, har da wanda ya rantse shi ko leƙen titi bai yi ba. Ni dai na kashe tawa, na tura ta tsakiyar ƙullin daddawar da zan kai wa Inna. Mai kakin da ya buɗe jakata ya shaƙa sau ɗaya, ya mayar da zip da sauri. Dattijon nan kuwa ya miƙa 'yar wayarsa mai tocila da alfahari, ya ce a bincika da kyau. Wani saurayi da aka sauke a shinge na gaba, har muka tashi bai dawo mota ba. Jakarsa ta bi mu har Kara, ba wanda ya yarda ya kalle ta.

A Kara muka tsaya karyawa. Soyayyiyar doya da yaji, da cukun nan wagashi mai zafi, araha kamar ba a ƙasa ɗaya muke ba. Mutane na harkarsu, ana ciniki, ana kiɗa. Wallahi haushi ya kama ni. Ashe garinku zai iya ƙonewa, a gari na gaba ana gardamar canjin dala biyar. Na sayi doyar, na kasa ci, na miƙa wa matar nan, ba ta yi min musu ba.

Daga nan sai hawan dutsen Defale, manyan motoci na rarrafe, wata ta kwanta a kwana da buhunan albasa a watse. Bayan Kante ƙasa ta miƙe, itatuwa suka yi nisa da juna, zafi ya sauko. A Mango muka haye kogi, mata suka yanyame tagogi da soyayyun zabi da kifi. Duk shingen da muka zo, sai in dafa ƙullin daddawa ina karanta abin da ya zo bakina. Mun shiga Dapaong da la'asar sakaliya, na ce alhamdulillahi, na tsallake da shi.

Ashe ban tsallake ba. A tasha na ciro wayar na kunna, don in tabbatar kafin in isa gida. Manhajar saƙon ta ƙi buɗewa. Wai babu fili, sai an rage kaya. Na danna, na sake dannawa, ta tsaya ƙiƙam. Aka nuna min rumfar wani mai gyara a bakin kasuwa, magidanci, Bamobe ɗan asalin garin, mai fara'a, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya karɓa ya sunsuna, ya ce, "Tanti, wayarka miya yake dafawa?" Ya duba ya ce tarkacen da waya ke tara wa kanta ne ya toshe ta, aikin minti kaɗan ne. Ya tambaye ni daga ina. Na ce Sokode. Ya ɗago ya dube ni, ya gyaɗa kai a hankali.

A nan ne ya kamata in ce masa akwai muryar ƙanena a ciki. Amma a kan bencin akwai wani mutum zaune da jarida, ban san shi ba, kuma tun da na ambaci Sokode ya daina juya shafi. Mu yanzu a garinmu ko da maƙwabci ba ka cewa naka ya ɓata, baki shi ke yanka wuya. In na ce murya, za a ce ta wa, ƙila ma a kunna, ga ihun jama'a a ciki. Sai na ce kawai, "Don Allah kada ka taɓa min hotuna." Ya ce in kwantar da hankalina. Na koma gefe na sayi ruwa.

Da ya miƙo min ita, sai da ya rage murya. "Ga shi, ya yi sauƙi kamar sabo. Hotonka duka yana nan. Sauran kuma na wanke maka tas, saƙo da murya duka. Mutanen Sokode kowa haka nake yi masa. Ko a shinge an duba, ba komai."

Na buɗe. Fari fat. Ashe wannan dogon layin na "sauran abubuwa" da na yi ta tsine wa, rabinsa surutun Auta ne. A can waya ke jibge muryoyi, ni ban sani ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san na zauna a ƙasa ba sai da na ji tsakuwa. Da na faɗa masa, a gaban mai jaridar da kowa, bawan Allah ya ɗora hannu a ka. Ya haɗa ta da kwamfuta, ya yi ta lalube har gumi ya jiƙa masa riga. Ya ce da wayar ta ajiye kwafi a intanet da an samu, amma mai cikakken ciki ba ta ajiye komai ba. Ya ƙi karɓar ko dala. Na so in zage shi, na rasa ta inda zan fara, don taimakona ya yi.

Na tarar da Inna a kan tabarma ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ɗaura zanenta na Juma'a. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba, ta juyo min da kunnenta mai ji. Na faɗa mata. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ce, "To ke faɗa min yadda ya ce." Na maimaita mata, har da wace. Ta girgiza kai. "Ba haka yake cewa Inna ba. Ja yake yi." Ta kwaikwaya, Innaaa, kuma wallahi shi ne sak. Nan na fashe, ita ke bubbuga min baya.

Da safe ina shirin tafiya ta ce, "Kin ce yanzu akwai fili a abin?" Na ce akwai. Ta ce in danna mata. Ta riƙe wayar da hannu biyu ta ce, "Auta, Innarka ce. An ce ka karya, na ji. In ka samu wannan ka kira ni, ko ba ka da abin faɗa." Ta miƙo min ta ce in tura masa.

Dawowa ba ta da labari. Ban ɓoye wayar ba, a kowane shinge na miƙa ta, aka duba aka dawo min da ita. Na shigo Zango bayan azahar, babur ɗinsa na nan a zaure inda muka rufe shi da buhu.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba shi da yawa, kuma ba daɗi. Kafin ku ba wani wayarku ya rage mata kaya, ku buɗe baki ku faɗi abin da ba ku so a taɓa, ku sa a kwafe muku shi a wani wuri tun yana nan. Ni na raba muryar ƙanena da duk masu bincike daga Sokode har Dapaong, shiruna ne ya cinye ta. Yanzu wayar gudu take, ba ta ƙara cewa ta cika ba. Saƙo ɗaya ne a cikinta, na Inna, na tura wa lambar Auta. Kullum da safe ina dubawa, har yau bai shiga ba.