Tantabarar da ba ta yi kuka ba

Lokacin da nake karatun haɗa magunguna a Edgbaston, a wani ɗan ƙaramin gidan haya nake zaune a unguwar Erdington. Tantabara ta yi sheƙa a bakin tagar kicin ɗina, ta saka ƙwai biyu. Kashinta ya ishe ni, na ce sai na kwashe sheƙar.

Maƙwabcina wani tsohon Bayahude ne da ya daɗe yana koyarwa a Manchester kafin ya dawo kusa da 'yarsa. Baba nake ce masa. Na je aron safar hannu, na faɗa masa abin da zan yi.

"Fara korar uwar tukuna, 'yata," ya ce. "A shari'armu ba a ɗaukar ƙwai uwa tana kwance a kai."

Na tambaye shi dalili. Ya ce malamansu na da, na Andalus da Masar, sun sha saɓani a kai. Wani ya ce tausayin tsuntsuwar ne, don ita ma ta san zafin ɗa. Wani ya ce zuciyar mutum ake tarbiyyantarwa kada ta ƙeƙashe. Wasu suka ce umarni ne kawai, a bi, a bar tone-tone. Sai ya rage murya.

"Akwai kuma waɗanda suka ce idan ta tashi tana kuka, kukan har sama yake kaiwa, kuma ana saurare."

Ni Musulma ce, dokar ba ta hau kaina ba, amma na bi maganarsa. Na kaɗa mata tsumma, ta koma rufin gidan da ke kallonmu. Ƙwan da ɗuminsu na ɗauke su, na kwashe sheƙar. Na kasa kunne, ko ƙus ba ta yi ba.

Washegari da la'asar ta dawo. Ba gurbin sheƙar take kallo ba, ni take kallo ta cikin gilashi. In na matsa wajen famfo, sai kanta ya biyo ni. Kullum haka, har mako biyu.

Na gaya wa Baba. Ya ce, "Ta yi kuka?"

"A'a."

Ya ajiye kofin shayinsa a hankali. "Ban taɓa karanta abin da suka ce a kan wadda ta yi shiru ba."

Na sa labule, sai inuwarta ta riƙa fitowa a jikinsa. Daga nan na koma yin girki da safe, kuma har na bar gidan ban sake shiga kicin da la'asar ba.