Wuƙar Hannun Hagu

Ni ba ɗan maƙera ba ne, kuma maƙeran Hadejia ba sa bari in manta. Duk sanda na je sayen gawayin ƙirya sai wani ya ɗaga murya, "Malam, yau ma za a je a ɓata wa ƙarfe rai?" In ce eh, ai ƙarfen nawa ne. Koyarwa ce aikina, ƙira kuwa sha'awa ce ta kama ni da girmana. A bayan gida na kafa 'yar rumfa da zugazugi na fatar akuya. Tsohon sifirin na mota nake yankawa in buga wuƙaƙen farauta, ni da ko kurciya ban taɓa harbowa ba.

Maharbin gidanmu Baba ne. Idan ruwa ya malale fadama a ƙarshen damina, har sama da ƙasa suka zama abu ɗaya, sai ya tura kwale-kwale shi kaɗai ya ɓace cikin ciyawar kacalla. Har yau in na lumshe ido ina hango shi can nesa a tsaye, tsuntsayen dinya na tashi a gabansa, furen bado na rufe hanyar da ya bi.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannun dama ya ƙi. Baba kuwa ya kafe ba zai kai loma baki da hagu ba, ba zai karɓi abu ko ya miƙa da shi ba. A ba shi a baki, ya kau da kai. Kunu kawai yake kurɓa in ba kowa a wurin. Mutum yana ramewa muna kallo, ya ɗora hannun a cinya, ya zuba wa hanyar kogi ido. Na ji tsoro ƙwarai. Na san in aka ci gaba a haka ba zai ga wata daminar ba.

Na ce bari in ƙera masa wuƙa, ko hannun zai tuna aikinsa. Ni kafin in sassaƙa ƙota, curin yumɓu nake ba mai wuƙar ya damƙa, sannan in bi sawun yatsunsa. Na ɗebo yumɓu a bakin kogi, na sa masa a tafin dama, na naɗe yatsun da hannuna. Ina saki suka buɗe. Curin ya gangaro sumul.

Gwaggo, yayar Baba, tana gefe tana tsintar shinkafa. Ta ja tsaki.

"Kai ɗan nan, karatun naka bai yi maka rana ba. Ba shi a ɗayan."

"Gwaggo, ai kin san ba ya..."

"Bahago aka haife shi! Kakarmu ce ta ɗaure masa hannun da tsumma har ya koyi ci da dama. Da wane hannu kake tsammani yake fiɗa a daji? Wa ya taɓa bin sa ya gani?"

 Baba, tsoho da furfura, kunya ta rufe shi kamar an kama shi da laifi. Na ajiye yumɓun a tabarma ta ɓangaren hagunsa, na fita wai zan duba wuta. Da na dawo, ga curin a inda na bar shi, amma da ramukan yatsu masu zurfi, babban yatsa ya kusa huda shi. Kai! Ashe duk ƙarfin nan yana nan a zaune.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a rumfar ba. Na tuna dai ƙarfen yana yin ja yana laushi, tartsatsi na tashi a hankali, ƙamshin shinkafa mai nuna yana shigowa daga fadama. Ƙotar ta ƙahon bijimin sa ce ta ba ni wuya. Hannuna sai ya zame ya koma sassaƙar dama, in yi tsaki in sake.

Da ta kammala ban miƙa masa ba, don na san ba zai karɓa ba. Wata safiya na ari kwale-kwale wajen wani mutumin Auyo, na lallaɓa Baba muka shiga, na ajiye wuƙar da karan rake a kan katakon da ke tsakaninmu. Tuƙina abin dariya ne, sai juyi muke. Muka yi nisa har muryoyin masunta suka ɓace. Ruwa ya kwanta luf, gajimare na tafiya a ƙarƙashinmu.

Baba ya duba gabas, ya duba yamma. Ba kowa sai balbela. Ya miƙa hagu ya ɗauki wuƙar, yatsunsa suka faɗa gurabensu. Ya matse raken da gwiwoyi, ya fere shi da ja ɗaya, ya yanki gaɓa ya kai baki. Ina jin ƙarar taunarsa.

Ya yanki wata ya miƙo mini. Hannun ya tsaya a tsakiya, ya dube shi.

"Ka yi haƙuri," ya ce a hankali, "da hagu na ba ka."

Na saki gorar tuƙi ta bi ruwa, na tara hannu biyu.