Takardar Korar Malam Habu

Har yau ban iya mantawa da wata Talata ba, ranar da na ɗaga wa sa'an mahaifina murya a ofis. Lokacin ina shekara ta biyu a sashen kula da ma'aikata na kamfaninmu na kago, wato jigilar kaya, a Al Khabaisi can ƙasar Larabawa, an yanke shawarar rufe sitonmu na Al Warsan, za a sallami mutanen wurin.

Cikinsu akwai Malam Habu, mutumin Maraɗi, wanda ya shekara tara yana riƙe da makullin siton. Ya shigo da farar shadda kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya ajiye mini takarda. Ta ajiye aiki ce, da hannunsa ya rubuta.

"Baba, wa ya sa ka?"

"Ba kowa, Hajiya. Na roƙi manaja, ya ce khalas, shi ke nan, yadda nake so. Shekara tara ko kwali ɗaya bai ɓata a hannuna ba, sai a ce korata aka yi? In je Maraɗi in ce me?"

Ku sababbin ma'aikata, ku riƙe wannan. Kuɗi biyu ne. Akwai kuɗin sallama, wanda kamfani ke biya gwargwadon shekarun mutum. Akwai kuma inshorar rasa aiki, wadda ma'aikaci ke zuba wa ɗan abu kaɗan da kansa. In ya cika shekara yana biya, tana ba shi kashi sittin cikin ɗari na ainihin albashinsa har wata uku, idan ya nema cikin kwana talatin. Karɓar na farko ba ya hana na biyu. Amma wanda ya ajiye aiki da kansa, ko sisi ba shi da shi a inshora.

Na yi masa bayani, ya girgiza kai. "A masallacin Abu Hail an ce wanda ya karɓi sallama ba shi da inshora. Kuma ai cin biyu ne."

Masallacin Abu Hail dai ba ya rasa lauyoyi bayan la'asar. Na san kuɗin sallamar nan na Rakiya ne, 'yarsa da ke shekarar ƙarshe a makarantar jinya a Yamai, domin shi ya faɗa mini. In babu inshora, ko dai ya ci kuɗin karatunta a haya da abinci, ko ya tattara ya koma gida, kuma a shekarunsa dawowa sai Allah. Raina ya ɓaci.

"Baba, kuɗinka ne ka zuba! Don kunyar mutanen da ba za su biya wa Rakiya ko littafi ba za ka bar shi?"

Ya miƙe ya fita ya bar mini takardar. Wallahi na ji kunya, na kuma ji tsoro.

A ƙa'ida ranar zan shigar da takardar. Na je wurin manaja na roƙi jinkiri, ya ce zuwa Alhamis, ba ƙari.

Alhamis da hantsi sai ga shi. Ya karɓi takardarsa ya ninke ya sa a aljihu.

"Rubuta korar. Amma ki rubuta dalili, rufe sito ne, ba laifi ba."

Na rubuta, na karanta masa sau biyu, muka cike takardar neman inshorar a wayarsa. Kuɗin sallama ya tafi Yamai yadda yake. Kafin wata na uku ya ƙare ya sami aiki a wani sito.

Aikin nan ya koya mini cewa mutanenmu sun fi tsoron kalmar kora fiye da yunwa, kuma takarda takan zo da abin da ba a rubuta cikinta ba. Shi ya sa ba na karɓar ta ajiye aiki a tsaye, sai an zauna.

Bara Malam Habu ya dawo ofishina riƙe da hannun wani dattijo da kamfaninsu ke rage ma'aikata. Ya zaunar da shi, ya ce, "Hajiya, shi ma ya rubuta irin tawa. Yi masa faɗan nan da kika yi mini."