Wushiryar Tsohon Direba

Gida biyu ne tsakanina da mutumin da duk layinmu ke kira Direba. Ya daɗe da ajiye tuƙi, amma sunan bai rabu da shi ba. Tun yana saurayi ya fara bin babbar mota, ya koyi ɗaure kaya da canja taya kafin a bar shi ya taɓa sitiyari. Daga baya ya yi ta jigilar siminti da ƙarafa daga wannan gari zuwa wancan, har furfura ta cika masa kai. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, mai tsabta ƙwarai. Ko shara zai fitar sai ya goge takalminsa. Matarsa ta rasu a shekarar da ya bar aiki. 'Yarsu ɗaya ce, tana aure a can ƙarshen gari, tana kuma aiki a kantin sayar da magani.

Abu biyu ya dawo da su daga hanya: ciwon baya da kare.

A wani gareji ya tsinci karen yana ɗan kwikwiyo, a ƙarƙashin tirela. Ya ɗauke shi ya sa a gaban mota, ya raɗa masa suna Birki. Ban san irinsa ba, kuma ba na jin Direba ma ya sani. Abin da na sani shi ne ya girma har kansa ya kai ƙugun mutum, baƙi wuluk, da ƙirji kamar na maraƙi, kuma ba shi da yawan haushi. Karnukan layin baya sukan cika mana kunne a banza. Birki kallo kawai yake yi, irin kallon da mahauci ke yi wa dabba kafin ya yi tayi.

Kowace safiya, in rana ta ɗan ɗaga, Direba yakan fito da shi su zaga: su bi ta ƙofar gidana, su wuce rumfar mai faci da ke kan kwana, su kai filin bayan makaranta, su dawo. A daidai lokacin ni ma nake fita da yayata, wadda likita ya ɗora wa tafiyar safe saboda gwiwoyinta. Yaya tana dogara sanda, kuma ba ta iya sauri. Titin namu matsattse ne, kwata a gefe ɗaya, katangu a ɗaya gefen. In aka haɗu, babu wurin kaucewa.

Akwai sarƙa a wuyan karen, amma kowa ya san ado ce. Da Birki zai ja da gaske, da Direba da sarƙar duka zai kwasa. Abin da ke riƙe da shi fito ne. Direba yana da wushirya a tsakanin haƙoransa na gaba, kuma ta nan yake fitar da wani fito gajere mai kaifi, wanda ya ce ko injin mota na ruri ana jin sa daga bayan tirela. Da wannan sauti karen ya tashi. Ko yana tsakiyar gudu ne, in ya ji shi sai ya zauna daram.

"Direba," in ji Yaya wata safiya, tana manne da katanga, "wannan jakin naka yaushe za a sa masa takunkumi?"

"Haba Yaya, jaki kuma? Ai sai ya ji haushi."

"Gara ya ji haushin, ya yi haushin, mu san inda ya dosa. Wannan shirun nasa ne ba na so."

"Ba ya cizo. Ga Malama nan, shaida ce."

"Shaidar da zan iya bayarwa," na ce, "ita ce bai ciji kowa ba tukuna. Maganar biyu ba ɗaya ba ce."

Ya yi dariya har ya dafa bayansa. "Malama, ko a titi sai an yi mana jan biro?" Sai ya saki sarƙar da gangan, karen ya yi taku biyu zuwa gare mu, ya yi fiton, karen ya zauna. "Kun gani? Birkina bai taɓa ƙin kamawa ba."

Haka muka zauna shekaru, dukanmu muna rataye da ɗan ramin da ke bakin tsoho ɗaya, ba tare da mun taɓa tunanin haka ba.

Sai ciwon haƙori ya kama shi. Ya yi ta dannewa da ƙwayoyi har kumatunsa ya kumbura, 'yarsa ta zo ta tasa shi gaba zuwa wurin likitan haƙori. Aka cire na gaban duka. Bayan dasashin ya warke, aka yi masa na roba, farare tas, a jere kamar an ja layi da rula.

"Baba Direba, an sa sabon bamba ke nan!" in ji mai faci ranar da ya fara fitowa da su. "Saura fenti, sai ka koma hanya."

Direba ya yi murmushi, hannunsa a kan baki.

Wushirya dabam, giɓi dabam, ko da yake yaran yanzu suna haɗa su. Wushirya halitta ce, ƙofa ce 'yar siririya. Giɓi kuwa asara ne. In Direba ya cire haƙoran roba, giɓin ya yi faɗi da yawa. In ya sa su, babu ko tsaga. Fiton ya rasa hanyar fita.

A gabana aka fara gwadawa. Wata kyanwa ta gitta a bakin rumfar mai faci, Birki ya miƙe wuya, sarƙa ta ɗame. Direba ya haɗa leɓɓansa kamar kullum. Abin da ya fito iska ce kawai, irin ta tayar da ke sacewa. Karen ya tsaya, ya juyo, ya daɗe yana duban ubangidansa. Daga baya ya zauna, amma a lokacin da ya ga dama. Yaya ta matse mini hannu.

Ba zan ce Direba bai yi ƙoƙari ba. Ya sayo usur irin na alƙalin wasa. Karen ko kunne bai kaɗa ba. Ya gwada sa yatsu a baki, haƙoran suka goce. Ya koma wurin likita ya roƙi a tsaga masa tsakiyarsu. Aka tsaga, sauti ya fito, amma na wani mutum ne, ba wanda Birki ya sani ba. Daga nan ya fara naɗe sarƙar a wuyan hannunsa. Iyaye suka sauya wa 'ya'yansu hanyar makaranta. Mai faci ya daina rataye ƙarfen cire taya a bango, ya koma ajiye shi a gefen ƙafarsa.

Wata rana da yamma 'yar ta shigo falona, ko mayafinta ba ta sauke ba.

"Mama, don Allah ki yi masa magana, ke yana jin nauyinki. Na samo likitan dabbobi, ya san wani wurin ajiyar kaya mai doguwar katanga, suna neman kare. Baba ya ce in na sake tayar da zancen, in daina zuwa gidansa."

"Takunkumin fa?"

"Na saya. Yana nan rataye a ƙusa. Ki tambaye shi dalili."

Washegari na same shi a ƙofar gidansa yana wanke kwanon karen. Bayan mun gaisa, na tambaye shi. Ya daɗe yana cuɗa kwanon da ya riga ya fita.

"Ya ƙi," ya ce. "Na kai hannu, ya ɗaga mini leɓe. Tun yana kwikwiyo bai taɓa yi mini haka ba."

"To, Direba, kai ma ka ga inda aka kai."

"Malama, motar an sayar, abokan hanya sun watse, uwar 'yata ta tafi. Ni da shi muka rage. Kin taɓa saukowa gangara da lodi, birki ya ƙi? Ba a tsalle a bar mota. Riƙe sitiyari ake yi har a kai ƙasa."

"A gangaren nan akwai mutane," na ce. "Ɗaya daga cikinsu yayata ce, kuma ba ta iya gudu."

"Ina riƙe da shi," ya ce, ya nuna mini wuyan hannunsa, inda sarƙa ta yi masa baƙin zobe.

Abin ya faru a wata safiya da babu abin da ya bambanta ta da sauran. Muna dawowa, su kuma suna tahowa, muka haɗu a daidai rumfar mai faci. Yaya ta matsa don ta ba su hanya, ƙafarta ta zame a bakin kwata. Garin neman tsayuwa, sandarta ta yi sama.

Birki bai yi haushi ba, bai yi gurnani ba. Ƙasa ya yi da ƙirjinsa, ya tafi. Direba ya faɗi a kan gwiwoyinsa, sarƙa ta ja shi a kan kwalta kamar buhu. Na ga ya cika baki da iska ya hura da dukan ƙarfinsa, sai haƙoran suka yi tsalle suka faɗi a tsakiyar titi. Karen ya fara cafke sandar, ya karya ta, sannan ya kama Yaya a ƙwauri. Ba ta yi ihu ba, sunana kawai ta kira, sunan da rabon da ta kira ni da shi tun muna yara. Mai faci ya iso da ƙarfensa ya sauke wa karen a gadon baya, amma kamar katifa ya doka. Direba ne ya rarrafo, ya rungume wuyan karen, ya cusa hannunsa a gefen bakin. Birki ya saki Yaya ya kama shi. Ya riƙe hannun da ya ciyar da shi tun yana kwikwiyo, ya daɗe bai saki ba, tsohon kuma yana ta cewa, "Ni ne, ni ne," da bakin da babu haƙori.

An yi wa Yaya ɗinki, aka bi ta da allurai. Direba ma haka. Bayan an sallamo su, ya zo gaishe ta, hannunsa naɗe da bandeji, ya tsuguna a bakin ƙofar ɗaki duk da ciwon bayansa.

"Yaya, ban da bakin magana."

"Da ma ai bakin ne ya jawo mana," ta ce. "Tashi, kada ka ƙara mana majinyaci. Ni ban ce ka kashe shi ba. Cewa na yi kada idona ya sake ganin sa."

"Ƙafarsa ba za ta sake taka titi ba. Na ɗauki alkawari."

Maƙwabta sun so fiye da haka. 'Yar ta zo da likitan dabbobi da motarsa, suka yi ta buga ƙofa, Direba ya amsa daga ciki cewa ya riga ya yi magana, kuma zai cika. Dole in faɗi gaskiya a kansa: ya cika. Birki bai sake fitowa ba. Sai dai karen da ya saba zagaya kowace safiya, yanzu tsakar gida ɗaya yake kewayawa, kuma mai gidan yana ciki tare da shi. Jikoki suka daina zuwa. 'Yar takan kawo abinci ta miƙa ta saman ƙyaure, su yi magana ba tare da sun ga juna ba.

Ba a jima ba karen ya koyi ture sakatar ƙyauren da hancinsa. Direba da kansa ya aika a kira mai walda, ya sa aka kafa wata sakatar ta waje. In yana son fita, sai ya lallaba karen ya ɗaure shi, in ya yarda, sannan ya ƙwanƙwasa ƙarfen har mai faci ya ji ya zo ya buɗe. Mai faci ya gaya mini ƙwanƙwasawar tana ta raguwa.

Yaya ta koma tafiyarta da sabuwar sanda. Ta ɗaya ɓangaren muke fita, amma a dawowa dole mu bi ta ƙofar Direba. A safiyar da nake wannan rubutu, na tsaya na leƙa ta tsagar da ke gefen ƙyauren. Yana zaune a kan wata tsohuwar taya a tsakar gida, rana tana dukan sa. Ya rame. Takalminsa sun yi ƙura. Birki yana kwance ya tare ƙofar ɗakin kwanansa daga wannan gefe zuwa wancan.

"Malama ce? An fito?" ya ce, a hankali, ba tare da ya juyo ba.

"An fito. Ba ka shiga inuwa ba?"

"Rana nake sha, tana yi wa bayana daɗi. In ya tashi zan shiga."

"Direba, in kira 'yarka?"

Na ji ƙarar sarƙa a kan siminti; karen ya ɗaga kai.

"Bari dai tukuna," ya ce. "Malama, duba mini sakatar nan. Ta shiga sosai?"

Na duba. Ta shiga. Duk da haka na sa hannu biyu na ƙara tura ta, har ƙarfen ya ji mini ciwo a tafin hannu. Yaya tana can gaba, ba ta tsaya jira na ba.