Inna da furar ɗan fari

"Kaka, wai ke ba ki son babana ne?"

Haka ɗiyata Hadiza ta jefa wa Inna tambaya jiya, a ƙauyenmu kusa da Gazawa, inda na kai ta hutun lakol, wato makaranta. Ni ne ɗan fari, don haka tunda nake Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Da muka sauka daga moto, jikarta ta rungume, ni ko kallo ban samu ba.

Inna ta ci gaba da damun fura. "Wa ya ce miki?"

"To ai ko sunanshi ba ki faɗi!"

"Ke dai da surutu. Ungo, kai wa wancan. Ki ce wannan ba yaji, tun yana ƙarami cikinshi ba ya ɗauka."

Ashe furar gidan duk da yaji aka kirɓa ta, tawa kaɗai Inna ta kirɓa daban da hannunta. Na riƙe ƙwaryar, na kasa ɗaga kai.

Sunana kawai ne ba ya bakinta, sauran abubuwan da suka shafe ni duk tana riƙe da su. 'Yan fari, ku da me Innarku ke kiran ku?