Na Miƙa Musu Muryar Mijina da Hannuna

Ina tsince shinkafa a tsakar gida bayan azahar sai waya ta yi ƙara. Layin marigayi mijina aka kira, domin tun da ya rasu na ciro layin daga fasasshiyar wayarsa na sa a tawa. Wani dattijo ne, tsohon malamin makaranta da ke zaune a unguwar Bosso ta Minna, wanda ya daɗe yana sayen kaya a hannunmu. Ya gaishe ni a tsanake, ya sake yi mini ta'aziyya, sannan ya tambaye ni yaushe zai turo mai keken haya ya ɗauki butar. Na tambaye shi wace buta. Ya ce butar tagulla mai dogon wuya da aka sa a gwanjo a shafin maigidana na intanet, kuma ya yi ta ƙara tayi ne don kada ta faɗa hannun wanda bai san darajarta ba, har ya riga ya tura kuɗin. Na ɗaga kai na dubi cikin ɗaki. Butar tana kan kabad inda take kullum. Ban sa ta a gwanjo ba, ba kuma zan taɓa sa ta ba. Na ajiye tiren shinkafar a ƙasa, kaji suka hau kai, ban kore su ba. A lokacin ina cikin takaba, ni kaɗai a gidan.

Edita, ban rubuto don a tausaya mini ba. Na rubuto ne saboda na san akwai mata irina da miji ya tafi ya bar musu sana'arsa a cikin waya. Ni haifaffiyar Minna ce, jikar mutanen da aikin jirgin ƙasa ya kawo garin, kuma karatuna bai wuce sakandare ba. Mijina mutumin Bida ne, ɗan gidan maƙeran tagulla. Shi bai iya ƙira ba, amma ya san aiki mai kyau da zarar ya riƙe shi. Yakan je gida ya sayo farantai da butoci da tasoshi, ya kawo ɗakinmu a unguwar Barkin Sale, ya sa su a gwanjo a shafinsa na intanet. Allah bai ba mu haihuwa ba, don haka mu biyu ne da wannan sana'a.

Yana da yadda yake yin abinsa. Ni ke riƙe waya, shi kuma ya ɗauki kaya ya jujjuya shi a gaban kyamara, ya faɗi wanda ya ƙera shi, ya nuna inda ya lotse ko inda zane ya karkace, don kada mai saye ya ce an ɓoye masa. Mutane su yi ta rubuta tayinsu a ƙasan bidiyon. Bayan sallar magariba sai ya rufe ciniki: ya buga cokali a gefen faranti, ya sa albarka ga wanda ya ci gwanjon. Hausarsa ta Banufe ce, buta ma "shi" yake ce mata, ni kuwa in yi ta tsokanarsa, har a wasu bidiyon ana jin dariyata a bayan waya. Wayarsa ba ta da wuri, saboda haka duk bidiyon da ya ɗora sai ya goge shi, ya ce ai shafin shi ne rumbunmu. Butar nan mahaifinsa ne ya ƙera ta. Sau ɗaya ya taɓa nuna ta, ya ba da tarihinta, ya ce ko nawa aka taya ba ta sayarwa ba ce.

A hanyar dawowa daga Bida motarsu ta yi haɗari. Abin da zan iya rubutawa ke nan a kan wannan.

Kwanakin farko gida ya cika, sannan a hankali ya watse. Yayata da ke aure a Kuta ta zauna da ni iya abin da za ta iya, ta koma saboda aikin doya ya taso. Ƙanin mijina, wanda ke da shago a kasuwa, ya ba ni shawara ko in ba shi shafin ya ci gaba da shi, ko in rufe. Na ce zan sayar da ragowar kayan tukuna. Na kuwa riƙa sayarwa, da hoto kawai, da sunansa, tunda fita ba ta halatta gare ni ba kuma ciniki yana yiwuwa daga ɗaki. Amma ba wannan ne ainihin dalilina ba. Idan na ɗora tukunya a wuta sai in buɗe shafin, in kunna bidiyo, in jingina wayar da bango. Sai gidan ya sami murya. Ina jin yana yabon faranti, yana tsokanar wani mai saye cewa tayinsa ko kuɗin keke zuwa Bosso bai kai ba, ina jin ƙarar cokalin. Ban gaya wa kowa ba, don na ji kunyar a ce ban dangana ba.

Wata rana da la'asar saƙo ya shigo akwatin imel ɗinsa, wanda yake buɗe a wayata tun yana raye. Da Turanci yake, da tambarin kamfanin shafin a sama, kuma da cikakken sunansa aka fara. Na daɗe ban ga an rubuto masa wani abu ba, sai da na zauna. Na karanta a hankali, ina maimaita layi. Sun ce sun sami labarin mai shafin ya rasu, suna yi wa iyalinsa ta'aziyya. Sun ce ka'idarsu ita ce a rufe shafin mamaci a goge duk abin da ke ciki, sai dai idan magaji ya tabbatar da kansa kafin gobe. A ƙasa akwai wani shuɗin rubutu da aka ce in danna. Ban yi tunanin kuɗi ba ko kaɗan. Kalmar gogewa kawai na gani. Na danna, wani shafi ya buɗe mai kama da wanda na saba gani, na rubuta kalmar sirrinsa. Can sai lambobi suka shigo ta layinsa, tare da gargaɗin kada a ba kowa. Na ga gargaɗin, Edita, ba zan yi ƙarya ba. Amma a raina ba wani na ba ba, masu shafin ne da kansu, mutanen da suka yi mini ta'aziyya. Na kwafe lambobin na saka. Har godiya na yi wa Allah da na ga saƙon da wuri.

Washegari shafin ya ƙi buɗewa. Na ɗauka matsalar sabis ce, na ɗaga wayar sama, na tsaya bakin taga, na kashe na kunna. Na ce ƙila suna kan tantancewa. Na yi girki cikin shiru na kwana biyu ina jira, har ranar da dattijon nan ya kira.

Bayan mun gama magana na kira ƙanin mijina. Ya rufe shago ya zo, ya tsaya daga bakin ƙofa ya buɗe shafin a tasa wayar, ya miƙo mini. Ɓarayin da suka ƙwace shafin sun yi rubutu da bakina. Sun ce ni ce matar marigayi, hali ya yi tsanani, zan sayar da duk abin da ya bari. Sun ɗauko tsofaffin bidiyonsa, har na kayan da aka sayar tuntuni, sun sake buɗe gwanjo a kansu, sun sa wani asusun banki da ban sani ba. Na butar kuwa sun yanke inda yake cewa ba ta sayarwa ba ce. A ƙasa mutane suna ta tayi suna haɗawa da addu'a, wasu suna ƙarawa fiye da darajar kaya don su taimaki matar mamaci. Tausayin da ake yi mini shi aka sayar. Ƙanin mijina bai yi mini faɗa ba. Ya ce kawai, da na kira shi ai da ya zo ko yana tsakiyar ciniki. Ya ce ta'aziyyar da mutane suka yi ta rubutawa a shafin ita ta nuna wa ɓarayin inda za su taɓa.

Kafin mu gama sanar da jama'a ɓarayin sun gane an farga. Suka share komai, suka canza sunan shafin, suka koma tallan takalma. Ƙanin mijina ya yi ta rubuta koke, amsar da ake turowa ita ce mai shafin ya ɗauki hoton fuskarsa riƙe da katin shaidarsa. Muka kai rahoto inda ya kamata, aka rubuta, aka ce mu saurara. Shekarun da ya yi yana magana a gaban waya sun tafi a yini ɗaya, kuma ni na buɗe wa ɓarayin ƙofa.

Na bi masu sayenmu ɗaya bayan ɗaya da waya ina ba da haƙuri. Da yawa sun ce sun yafe, sun ce mijina bai taɓa cutarsu ba. Wata mata ta ce bakinmu ɗaya da ɓarayin, an fake da gawa ana cin kuɗin mutane. Mutumin da yake nuna lotsewar faranti don kada a zarge shi, yau an ambaci sunansa da zamba saboda ni. Wannan ya fi mini ciwo fiye da zagin.

Dattijon Bosso na bari a ƙarshe. Na ce masa butar tasa ce tunda ya biya, zan naɗe ta a aiko masa. Ya ce, 'yata, ba na son buta, ba na son kuɗi, kayan uba ba ya barin gida ta wannan hanya. Sai ya ƙara da abin da ban zata ba. Ya ce ranar da mijina ya nuna butar, ya ajiye bidiyon a wayarsa saboda ta tuna masa da ta mahaifinsa, kuma yana nan cikakke, har da inda wata take dariya a baya. Ya ce duk ranar da na shirya in kira shi ya turo mini, ko in je in gaisa da iyalinsa in karɓa. Na yi godiya na kashe wayar da sauri, don ban so ya ji muryata ta canza.

Abin da na koya shi ne, ɓarayin nan ba wauta suke nema ba, suna neman wanda yake tsoron rasa wani abu kuma ba shi da wanda zai tambaya a kusa. Duk saƙon da ya ce maka yau ko gobe, ka ajiye wayar, ka kira wani ya karanta tare da kai, ko da kana jin kunya. Kada ka rubuta kalmar sirri a inda saƙo ya tura ka. Lambobin da ake turowa ta layi ba na kowa ba ne, har wanda ya ce shi ne kamfanin, har wanda ya yi maka ta'aziyya. Masu sana'a a intanet, kada ku ɗauki shafi a matsayin rumbu. Abin da kuke so ku ajiye shi a wani wuri daban. Ku kuma masu 'yar'uwa a takaba, ku riƙa leƙa ta bayan mutane sun watse, lokacin ne gidan ya fi shiru.

Na fita takaba tuni. Na hau keken haya na wuce ta Bosso ba sau ɗaya ba, ban sauka ba. Ban san yadda zan zauna a gaban mutumin da aka cuta ta hannuna in karɓi kyauta ba, ban kuma san ko zan iya jin muryar ba yanzu da na san ita kaɗai ta rage. Butar tana naɗe cikin zani a gefen gado, ban aika ba, ban mayar da ita kan kabad ba. Lambar dattijon tana cikin wayata. Ban kira shi ba tukuna.